Rasuwar Parangi, Shuɗiyar Motar 'Yar Yechon

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da alhinin da bai gama sauka ba, iyalan marigayi Sok Du-man na ƙauyen Dolmaru suke sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan cin kasuwa rasuwar motarsu, shuɗiyar a-kori-kurar nan da kowa ya sani da suna Parangi. Rai ya yi halinsa a rumfar bayan gida, tsakanin buhunan taki da tulunan tsimin waken miya, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya san tana yi. Ta rasu tana da shekara talatin da 'yan kai. Mai zaman makoki ita ce uwar gidan, Pyo Mal-sun, wadda ƙauye ke kira 'Yar Yechon saboda garin da aka auro ta.

A gafarta idan sanarwar ta yi tsawo. An so a taƙaita, sai dai ana ta faɗin abin da ba shi ba ne a zauren tsofaffi, kuma marigayiyar ba ta da bakin kare kanta.

An kawo ta Dolmaru a shekarar da tafarnuwa ta yi tsada har manoma suka riƙa gadin gonaki. Du-man ne ya tuƙo ta daga birnin Daegu, ko ledar kujeru bai cire ba. Aka shimfiɗa tabarma a gabanta, aka jera kan alade da wainar shinkafa, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, aka zuba wa kowace taya giyar shinkafa. Mal-sun, wadda a lokacin ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba, ita ta naɗe busasshen kifi da dogon farin zare ta ɗaure a bayan kujera, domin kifi ba ya rufe ido, shi zai riƙa duba hanya. Kowa na yi wa sabuwar mota haka, bayan 'yan makonni a kwance a jefar. Mal-sun ba ta taɓa jefarwa ba sai da madadi. Duk sabuwar shekara takan kwance tsohon ta ɗaura sabo, kuma tsawon rayuwar marigayiyar ko kaza ba ta taɓa takewa ba.

Ta kasance mai haƙuri, mai ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta ba tare da ƙorafi ba. Ta ɗauki barkono da kabeji, ta ɗauki taki, ta ɗauki bargunan amare, daga baya kuma ta ɗauki kayan gidajen da aka rufe. Ranar kasuwa matan ƙauye kan cika bayanta, kowace da ƙunshinta a cinya, ana tafiya ana gulmar wadda ba ta zo ba. Ba ta da sauri, ba ta kuma taɓa yin kamar tana da shi ba. Da safe idan aka murza makulli sai ta ce kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai shawara da zuciyarta, sannan ta ce gurrum, kajin maƙwabta su watse. Ƙofar direba tana cewa ƙiiii, ko an shafa mata mai ko ba a shafa ba. Idan tana ja da baya takan rera wata siririyar waƙa, wadda da tsufa ya kama ta sai ta riƙa tsallake rabi.

Ita ce ta kai Du-man asibiti a tafiyarsa ta ƙarshe, wani maƙwabci na tuƙi, ta dawo babu shi. Ba a daɗe ba motar haya ta daina hawowa Dolmaru, aka ce fasinjoji sun yi kaɗan, hanyar kuma tudu ce. Sai Mal-sun, da furfurarta, ta shiga neman lasin. Ta yi ta faɗuwa a jarrabawar rubutu har ma'aikatan wurin suka riƙa tambayarta lafiyar barkono. Ranar da ta ci, mai unguwa ya sanar a lasifika, ya kuma shawarci masu awaki su ɗaure. Ba ta taɓa wuce giya ta uku ba. Amma tun daga ranar, duk maganin hawan jinin da aka haɗiya a ƙauyen nan, da duk tsohuwar da ta ga likita, Parangi ce ta yi jigila.

Ciwon ajali ya faro ne a kakar bara, kuma ba a jikinta ya faro ba. Mal-sun ta zamo daga tsani tana rataye tafarnuwa a ƙarƙashin rufi, ƙugunta na hagu ya karye, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Da aka sallame ta, ɗanta Gi-tae, wanda ke aiki a Daegu, ya kawo ta gida don ta kwashi kayan sanyi kawai, domin a wajensa za ta yi hunturu. A tsakar gida suka tsaya, ita tana dogara sanda, shi yana riƙe da jaka.

"Inna, mu yi magana ɗaya yau, kada mu yi ta maimaitawa. Idan ƙanƙara ta narke zan dawo da ke. In motar nan ta tashi, kina kai kanki asibiti da kasuwa, ki yi zamanki, ba zan sake cewa komai ba. In ba ta tashi ba, mu rufe gidan nan ki zauna da mu. Ba zan bar ki a kan dutse babu ƙafa babu mota ba."

"Za ta tashi."

"Na ce in."

"Na ji ka, ba kurma ba ce ni. Je ka kashe ruwan famfo kada ya daskare."

Yana juya baya ta nufi rumfa, ta ƙwala wa Bong-rye kira ta saman katanga. Bong-rye maƙwabciyarta ce, abokiyar faɗanta tun suna amare. Ta zo ta tarar da Mal-sun tana naɗe busassun kifaye da farin zare.

"Ke 'Yar Yechon, kifi har uku? Mota za ki bari ko miya za ki ɗora?"

"Wata nawa zan yi ba na nan? Ido biyu ba za su isa gadi ba. Ɗaga min kujerar nan, ki rage surutu."

Injin marigayiyar a ƙarƙashin kujerar fasinja yake. Bong-rye ta ɗaga tana nishi.

"A jikin injin za ki ɗaure? Ba a baya kike sawa ba?"

"Baya na mai tafiya ne. Wannan kwanciya za ta yi, a sa kusa da zuciya, can sanyi ke fara kamawa."

Ta ɗaure su da kyau a jikin wayoyi, ta ƙara da ɗan ƙunshin shinkafa a takarda, kada marigayiyar ta ce an tafi an bar ta da yunwa. Suka mayar da kujera, suka lulluɓe ta da tamfol. Wannan shi ne ganin ƙarshe da aka yi mata tana da lafiya.

Mal-sun ta yi hunturu a gidan ɗanta, a hawa na goma sha bakwai na wani dogon bene. An kyautata mata, kada wani ya ce ba a yi ba. Ɗaki mai ɗumi, miya mai zafi, suruka mai ladabi. Sai dai ƙofar gidan ba ta da makulli, lambobi ake dannawa, kuma lambobin ba sa zama a kanta, don haka ba ta fita. Takan wuni a jikin taga tana kallon motoci can ƙasa kamar ƙwari, idan ta hango shuɗiya sai ta bi ta da ido har ta ɓace. Idan kowa ya tafi aiki sai ta zauna a kujera, ta jingina matashi da bango, ta riƙa danna shi da ƙafar hagu, ta saki, ta danna, tana shirin ranar da za ta taka kuloci. Matashin ba ya gardama, sai ta ɗauka ƙafar ta warke.

Da ƙanƙara ta narke, Gi-tae ya cika alkawari. Suka iso da hantsi, Bong-rye da wasu tsofaffi suka taru a bakin rumfa kamar ana jiran fitowar amarya. Aka yaye tamfol. Ga ta nan yadda aka bar ta, tayoyi sun ɗan kwanta, gizo-gizo ya yi saƙa a madubi. Aka ajiye wa Mal-sun akwatin lemo ta taka ta hau, domin ba ta yarda wani ya murza makullin ba. Ƙofa ta ce ƙiiii, tsofaffi suka yi murmushi.

Ta murza. Marigayiyar ta ce tak. Ba ta ƙara komai ba.

"Batir ne," in ji Gi-tae. "Duk motar da ta kwana wata da watanni haka take yi. Kada ki damu, Inna."

Ya matso da motarsa ya jona wayoyi. Fitilun gaban direba suka farka ja-ja-ja, rediyo ya yi shuuu. Ta murza. Kir. Kir. Shiru. Wani siririn ƙauri ya taso, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Aka kira Maeng Chil-bok, mai gyaran taraktoci a bakin titi, wanda suka yi aji ɗaya da Gi-tae. Ya iso da sabon batir a bayan babur.

"Inna, barka da dawowa, kin yi fari kamar 'yar birni. Kai kuma matsa da wannan rigar taka, kada baƙin mai ya taɓa ta matarka ta biyo ni har gareji."

Gi-tae ya ce, "Ka duba mota, malam likita. Mun san da ƙyar ka gama firamare."

"Da amsoshinka na gama, shi ya sa."

Ya bi ta gaɓa-gaɓa kamar yadda ake duba mara lafiya. Ya kankare farin gishirin da ya taru a kan batir ya sa sabo. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan mai. Ya leƙa ƙarƙashinta ya ga baƙin mai bai ɗiga ba, ya ce wannan da sauransa. Ya durƙusa ya buɗe akwatin fis, ya sami ɗaya a ƙone, ya sa sabo, sannan ya koma gefen mota wajen batir, Gi-tae na riƙe masa waya.

"Inna, taka kuloci har ƙasa, injin ya sami sauƙin juyawa. Har ƙasa fa. Sai ki murza."

Wannan sakin layin ba za a karanta shi a lasifikar mai unguwa ba. Mal-sun ta ɗora ƙafar hagu ta danna. Kulocin Parangi ba matashi ba ne. Ya sauka rabi ya tsaya, wani zafi ya taso daga ƙugu ya tsarga har tafin ƙafa, ƙafar ta kama rawa ita kaɗai kamar ba tata ba. Ta saki sitiyari ta danna gwiwar da hannu biyu, da ƙyar ya kai ƙasa, gumi ya keto mata a goshi. A nan, tana zaune, ta tuna hanyar kasuwa: gangaren da ke bayan makabarta, kwanar gada, wurin da dole a sauya giya da sauri, mata cike da baya. Da wane hannun za ta riƙe sitiyari? Mazan na can gefe, kawunansu a sunkuye. Bong-rye kaɗai ke tsaye a bakin ƙofa, ta ga komai, kuma a karon farko a tarihin Dolmaru ba ta ce uffan ba.

"Kin taka, Inna?"

"Na taka."

Ta saki hannu ɗaya ta murza. Sabon fis ɗin ya ce fat. Wannan ce kalmar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiyar.

Chil-bok ya miƙe yana yamutsa hanci. "Akwai wayar da ke taɓa wata. Bari mu ga ciki." Ya zagaya ya ɗaga kujerar fasinja, sai ya ja da baya.

Sheƙa ce, babba, an gina ta da soson kujera da takarda da farin zare. Zaren ya bi ko'ina, ya naɗe bututu, ya shiga matatar iska. Ƙayoyin kifi a warwatse, kawuna uku a gefe, idanun an cinye. Da kifi ya ƙare, baƙin sun koma kan wayoyin da aka ɗaure shi a jiki, tunda sun sha ƙamshi, suka bi su suna gwaguya har inda hannu ba ya kaiwa, jan ƙarfe a tsirara ko ta ina. A tsakiyar sheƙar, jariran ɓeraye jajaye suna motsi, idanunsu ba su buɗe ba.

"Kai!" in ji Chil-bok. "Wa ya yi wa ɓerayen Dolmaru walima?"

 Gi-tae ya ɗago wani guntun zare da yatsa biyu, ya dube shi, ya dubi uwarsa.

"Inna. Kifi? A jikin inji?"

"Gadi na sa su."

"Ai kuwa sun yi gadi. Har baƙi suka saukar."

"Ni na ɗaga mata kujerar," in ji Bong-rye. "In zagi ne ka raba biyu, ka ba ni nawa."

Gi-tae ya ga yadda uwarsa ta ƙura wa kawunan kifin ido. A cikin motar nan ya koyi tuƙi, a cinyar ubansa. Ya juya wajen abokinsa.

"Tana gyaruwa?"

Chil-bok ya sosa ƙeya. "An daina yin kayanta. Amma akwai irinta a wajen 'yan gwangwan, in na kwance wayoyin wata gaba ɗaya na dasa mata, kafin a dasa barkono za ta iya tashi. Ban rantse ba, amma za ta iya."

"To yi. Inna, kin ji? Alkawari na yi, ba zan ci nasara a kanki da taimakon ɓera ba."

Mal-sun na zaune, hannunta a kan sitiyarin da tafin Du-man da nata suka goge har ya yi santsi. Ta cikin gilashi tana hango gonar da ba a nome ba, da tulunanta a jere a rana. Kalma ɗaya za ta faɗa a bar mata su. Ƙafar hagu ba ta daina rawa ba, ta ja siket ta rufe.

"Ku bar ta."

"Inna?"

"Na ce ku bar ta. Kada a farke mata ciki a cusa mata kayan wata gawa. Ta gaji."

"Kin san abin da hakan ke nufi kuwa?"

"Ni na haife ka, ba kai ka haife ni ba. Na sani." Ta zare makulli. "Ke Bong-rye, kin tsaya kamar turke, miƙo min hannu in sauka."

Bong-rye ta miƙa hannu biyu. Da ƙafar Mal-sun ta taɓa akwatin lemo, ta raɗa mata, "Tsohuwar banza mai taurin kai." Mal-sun ta ce, "Riƙe ni da kyau."

Saboda haka sanadin rasuwa, kamar yadda makanike ya tabbatar a gaban shaidu, ɓeraye ne. Iyalan na roƙon a bar maganar a kan ɓeraye.

Marigayiyar ta rasu ta bar Pyo Mal-sun, wadda ba za ta sake tuƙi ba. Ta bar Sok Gi-tae da iyalinsa a Daegu. Ta bar ƙanwarta, garmar inji, wadda ita ma ba ta jin daɗi. Ta bar tayar safaya guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar Bong-rye da sauran matan ranar kasuwa, waɗanda har yanzu ba a san wanda zai riƙa karɓo musu magani ba. Mai unguwa ya ce zai rubuta wa hukuma. Jariran da aka samu a cikinta ba sa cikin magada. Chil-bok ya kwashe su a hularsa, ba a tambaye shi inda ya kai su ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Jajibirin kasuwa mai zuwa Mal-sun za ta yi mata wanka da kanta, ba ta son taimako. A ranar ce kuma za a raba tulunan tsimi da irin tafarnuwa. Mai so ya zo da abin ɗauka, kada a ji kunya, ba za su shiga hawa na goma sha bakwai ba. Washegari da safe za a cire lamba, a zuba wa kowace taya giyar shinkafa. Janwe, mai jan matattun motoci, ba zai iya hawowa kwanar gada ba, don haka Chil-bok zai ja ta da tarakta a hankali har bakin titi. Mal-sun ce za ta riƙe sitiyari. Gi-tae ya so ya hana, Chil-bok ya ce motar ba a giya za ta sauka ba, birki kawai ake buƙata, kuma birkin na nan da ransa.

A bakin titi janwe zai ɗauki marigayiyar zuwa makwancinta, motar Gi-tae kuma ta ɗauki mai makoki. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a Daegu. A yi waya kafin a zo, domin ba ta iya buɗe ƙofar ba tukuna. Makullin gida yana wajen Bong-rye.

Matan da suka saba hawa baya ana gayyatarsu su hau, kowace a wurin zamanta, a raka ta har ƙasa. A zo da matashin zama. A kuma sa takalmin da ba ya ciwo, domin dawowa a ƙafa ne.